Saƙon Nabila da Ban Ji Ƙarshensa Ba

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

Kasuwar Shinkafi. Sawu biyu, faci ɗaya. Ni Maccido direba, mai ilimin aji huɗu, yau na ba tashar Ƙaura dariya kyauta.

Ɗiyata Nabila ba ta da waya, tawa take ara in na dawo. Akwai wani fim mai dogon zango da aka fassara da Hausa, na wasu mutane da ke yawo cikin jirgi tsakanin taurari. Kukun jirgin wata shuɗiyar halitta ce mai kunnuwa kamar faifai. Mai fassara ya sa mishi suna Washe, don kullum haƙoransa waje, ko ana harbin jirgi yana waƙa da ludayi. Har guruf gare su a waya, ita da ƙawayenta, wai Masoya Washe.

Muna jiran lodi na ga saƙon muryar da ta tura musu, minti huɗu. Na danna, ashe wayar na haɗe da sifikar mota. Muryar ɗiyata ta cika tasha: "Ni dai wallahi duk wanda ya ce Washe wawa ne bai san rayuwa ba." Da na kashe nan take, da shi ke nan. Ƙara murya na yi, na sa hannuwa ina kaɗa kunnuwa. Sha'aibu abokin layina har da zama ƙasa. Ba a kai rabi ba dariya ta rufe maganar, na kashe. Ya ce in tura mishi. Na tura.

Asabar, 5 ga Oktoba

Nabila ta dawo islamiyya ta shige ɗaki ko hijabi ba ta cire ba. Uwarta Saliha ta ce saƙon ya zagaya, 'yan ajinsu na kiranta amaryar Washe. Na ce to ai mun yi dace, surukin ya iya girki. Ba wanda ya yi dariya. Saliha ta ce, "Malam, ba komai ba ne na tasha."

Lahadi, 6 ga Oktoba

"Ina kwana Baba." Iyakar abin da na samu yau. Na bar wayar kan tabarma da gangan, ba ta taɓa ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je shagon Mu'awiya mai tura finafinai a bakin tasha, na ce wani fasinja ne ya aiko ni a sa mishi fim ɗin taurarin nan. Ya dube ni ta saman gilashi. "Fasinjan naka kashi na nawa ya tsaya?" Na ce daga farko yake so.

Ashe tasha cike take da munafukai. Sha'aibun da ya zauna ƙasa yana dariya ya kai kashi na talatin. Nan aka kaure da gardama. Wai duk lokacin da jirgi ya tsira daga hari, Washe sai ya ba kowa dariya, ya raba miya, sannan ya shige ɗakin ajiya ya rufe ƙofa. Ba a taɓa nuna cikin ba. Sha'aibu ya ce nama yake sata, duk kuku haka yake ko a bayan wata ne. Mu'awiya ya ce a'a, lura dai, mai fassarar nan da bakinsa ba ya hutawa, in an zo ƙofar nan shiru yake yi. Aka ce mi na gani. Na ce ni ɗan aike ne.

Na kalli kashi uku ina jiran lodi. Har motar bayana ta yi mini oda in matsa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shinkafi. Yalwa mai tuwo, wadda shekara goma ba ta taɓa yi mini gyara ba, yau ta ƙara mini tsoka biyu. Na ce Hajiya ko an gaya miki kwanana ya ƙare ne? Ita ma 'yar kallon ce, jikokinta suka koya mata. Ta ce Washe kuka yake yi a ɗakin ajiya, ba ta buƙatar a nuna mata. Sannan ta ce saƙon ɗiyata ya zo har wayarta.

"Maccido, kai ka saurare shi har ƙarshe kuwa?"

Na ce na ji inda ake dariya. Ta ce, "Ci tuwonka."

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan masallaci na shiga mota na rufe gilasai, na cire wayar daga sifika. Yau na yi hankali, bayan kwana takwas.

Zan rubuta yadda ta faɗa. "Ni na san irin Washe, akwai shi gidanmu. Bara da 'yan bindiga suka tare motar Babana a hanyar Zurmi, ya shigo yana ba da labarin wani Alhaji da ya ruga daji da takalmi ɗaya, kowa na dariya. Ni na kai mishi ruwan alwala bayan ɗaki. Butar rawa take a hannunsa, ruwa na zuba ƙasa, ya kasa kai shi fuska. Bai san na gani ba. Don kada mu ji tsoro yake yi. To haka Washe yake. Ku kaɗai na gaya wa, don Allah kada ya fita guruf."

Kada ya fita guruf. Ga shi ya kai Shinkafi, cikin motar ubanta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Abin da ya fara damuna, in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa, shi ne duk tasha sun san zancen buta. Shi ya sa Sha'aibu ya bar ni na yi lodi gabansa ran Talata. Sai da na yi wuni guda ina jin kunyar wannan kafin na gane ba ita ce babbar kunyar ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na gwada ba da haƙuri irin nawa. Na ɗauki faifai biyu na Saliha na kanga a kunne, na leƙa madafa ina waƙar miya. Nabila na tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Baba, Inna na neman faifanta." Na ajiye su a hankali kamar ƙwai.

Mutum mai shekara arba'in da bakwai.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kashi na sha shida. Kyaftin ɗin jirgi ta tsaya bakin ɗakin ajiya, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta fasa. Sha'aibu ya ce wannan ya nuna tare suke satar naman. Na ce mishi ya rufe mana baki. Ni ma na yi mamakin kaina.

Talata, 22 ga Oktoba

Zurmi, sawu ɗaya. Lafiya lau, sai dai wajen kwanar nan ta bara na hango babura uku tsaye gefen hanya. Manoma ne da damman gero. Tun daga can na shirya labarin da zan kawo gida, yadda wata fasinja ta ɓoye kai cikin kwandon tumatir. Labari mai kyau, har na gwada shi a baki.

La'asar na shigo. Nabila ta kawo buta bayan ɗaki ta ajiye, za ta juya. Ta ce, "Baba ya hanya," irin ta wajibi.

Na ce, "Na ji tsoro wajen kwanar nan. Kullum ina ji." Na ce kuma abin da na yi mata a tasha ban kyauta ba. Ban ƙara komai a kai ba, ko kunne ban kaɗa ba.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai ɗauki butar ta tsuguna, ita ta zuba mini ruwan.

Da na idar da salla ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta duba ta ce, "Wa ya kai kashi na sha tara?" Na ce wani fasinja ne. Ta ce a gaya wa fasinjan kada ya kalli na ashirin sai tana nan.

Labarin kwandon tumatir yana nan ban ba kowa ba. Idanuna sai ruwa suke, ina jin mura ce ke son kama ni.