Gadon Baba a Cikin Mota

Laraba da dare, Nuwamba 1983

Tun da na sayo tsohuwar motar kayan nan a High Point Road nake shirin mayar da ita ɗaki, in Baba ya zo in kai shi ya ga teku. Saboda tsawonsa na ƙara wa gadon taƙi ɗaya, har wurin risho ya matse.

Wasiƙar Yaya ta iso shekaranjiya. Ashe ranar da nake yanka katakon, Baba ya kwana tara a ƙasa.

Ɗazu Maman Amina ta ce, "Baban Amina, ko za ka rage gadon, risho ya samu wuri?"

Gaskiyarta. Na ɗauko zarto, na daɗe riƙe da shi, na mayar. Ma riƙa girki a waje.