Saƙon Sada da na ɓoye miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Gida lafiya, jikokinki ma lafiya. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, masu rai ne za su karanta. Hakan nake so, don na gaji da jin ana kirana ɗan albarka.

Inna, Sada yana raye. Na san haka tun wata bakwai kafin ki rasu.

Kin tuna lokacin da ƙanen nan nawa ya tafi gabas sarin busasshen kifi, rikici ya rutsa da shi, wayarsa ta daina shiga. Shekara uku ba labari. Dangi suka fara cewa a yi masa sadaka, kika hana. Kullum maganarki ɗaya ce: "Ɗana shina nan da rai, ni na sani." Ni kuwa har tausayinki nake ji, ina cewa tsufa ne.

Wata Talata da hantsi, wata mata mai suna Malama Binta ta same ni a ofis. 'Yar Ƙofar Kwaya ce, tana aikin sa-kai da ƙungiyar nan ta duniya mai agaza wa waɗanda yaƙi ya shafa. Ta miƙo mini takarda a buɗe, ba ambulan. Rubutun Sada ne, karkataccen nan da nake yi masa tsiya a kai tun muna firamare. Ta ce yana tsare cikin waɗanda ake zargi da taimaka wa masu tayar da ƙayar baya. Layi biyar ya rubuta. Ya gaishe ki, ya nemi gafararki, ya tambayi ƙafarki mai ciwo. A bayan takardar an bar fili don a ba shi amsa.

Ba alhamdulillahi ne ya fara fitowa daga bakina ba. Tashi na yi na rufe ƙofa, sannan na tambaye ta me ya yi. Ban manta amsarta ba: "Malam, mu ba mu tambayar mi mutum ya yi. Muna tambayar ko shina da 'yan uwa."

Lokacin sunana na cikin waɗanda za a ba muƙamin darakta, kuma ana maganar auren jikarki Hadiza da ɗan wani babban gida. Na hango ana nuna ni da baki a masallaci, ga yayan ɗan ta'adda can. Sai na jefa takardar a durowa na kulle. Malama Binta ta nemi ganinki har sau uku, na ce mata ba ki da lafiya, labarin zai iya ƙarasa ki. Ƙarya nake yi, Inna. Labarin ne kawai maganin da ba mu ba ki ba.

Kwana biyu kafin ki cika, kin riƙe hannuna kin ce, "Kabiru, in Sada ya zo ku ce mishi ban yi hushi ba." Na gyaɗa kai. Makullin durowar yana aljihuna.

Bayan sadakar arba'in na shiga karanta tarihin ƙungiyar. Ba don ilimi ba, laifinsu nake nema ko nawa ya yi sauƙi. Sai na tarar wani ɗan kasuwa ne ya faro ta. Yana tafiyar harkarsa ya faɗa inda aka gwabza yaƙi, ga masu rauni zube ba mai ba su ko ruwa. Ya ajiye abin da ya kai shi, ya tara matan garin suka yi jinyar kowa, ba su ware nasu da na abokan gaba ba. Babu ɗan uwansa ko ɗaya a cikinsu.

Har yau wani ƙaramin kwamiti ne ke jan ragamarta, duk 'yan ƙasa ɗaya da ba ta ɗaukar ɓangare a yaƙi. Su ke zaɓen junansu, ba gwamnati ke naɗa su ba. Abin da suka gani a wurin tsare mutane ba su kai wa jarida, hukuma suke faɗa wa a asirce don a bar su su sake dawowa. Ni da na shekara ashirin ina zaman kwamiti, daga shan shayi sai ɗage taro, har dariyar raini na yi. Amma wannan tsari ne ya kai wani baƙo ya zauna da ƙanena su biyu, ya rubuta sunansa don kada ya ɓace, ya ba shi biro. Ana zarginsu da yin shiru, na gani. Ni kam ba ni da bakin zargin kowa da shiru.

Daraktan na samu. Hadiza ma an kai ta, har ta haihu.

Makon jiya Malama Binta ta yi sallama a gidanmu na Ƙofar Kaura da saƙo na biyu. Sada ya ce ya san na farko bai iso ba, don Yaya ba zai ji yana raye ya yi shiru ba. Inna, na so ƙasa ta tsage in shige. A nan zaure, a gabanta, na rubuta amsa. Na gaya masa kin rasu. Na isar da saƙonki cewa ba ki yi fushi ba. Layi biyu suka rage, na rubuta masa cewa takardarsa ta iso hannuna kina da rai, ni na ɓoye. Jibi zan ga lauya. Ban sani ba ko Sada zai sake kirana Yaya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya fito da autanki lafiya. Ya saka wa waɗanda suka nemo shi da alheri. Ni kuma, in ana yafewa daga inda kike, ki yafe mini.

Ɗanki da ya hana ki jin abin da kika rasu kina jira,
Kabiru