Fiyanon da Ya Ci Bangon Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Binta, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, autarki. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun ranar Laraba, kuma ba wanda ya kamata ya fara jin ta sai ke.

Na sayi fiyano, Inna. Ba irin ƙaramin nan na masu kiɗan biki ba. Babba ne, baƙi, na katako mai ƙafa uku, irin na ɗakin taron makarantarmu, wanda nake dawowa hutu in cika miki kunne da labarinsa. Iyalin wani likita ne za su bar Funtuwa suka sa shi a kasuwa. Ya tsufa, haƙoransa sun yi ja kamar na mai cin goro, amma da na taɓa shi sai da idona ya kawo ruwa.

Kin tuna ina buga yatsu a bakin turmi kina kore ni? Kina cewa, "Ranar da kika samu abin nan naki, ki buga mini waƙar niƙana in ji ko zai iya." Tun da na ajiye koyarwa na dawo garinmu Dayi, maganar nan ba ta bar ni ba.

Kafin in saya sai da na yi awo. Na auna shi da igiya, na zo na bi da igiyar ta ƙofar zaure, na shiga da ita lungu, na fito tsakar gida, ta wuce lafiya lau. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, igiya tana lanƙwasa. Kin san zaurenmu: kana shiga sai bango ya tare ka, ka karkata hagu, don kada na waje ya hango matan gida.

Motar masara ce ta kawo shi bayan la'asar. Aka kwance ƙafafunsa, aka kifa shi a gefe, 'yan dako suka tallabe shi. Kansa ya shiga zaure, ya je ya dafa bangon, ya tsaya. Aka ja baya, aka juya, aka ɗaga, aka sunkuya. Rabinsa a ciki, rabinsa a titi. Direba kuwa ya ce shi lodi ke jiransa a Malumfashi, ya ja motarsa ya tafi.

Sai na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Inna, abin nan cikinsa katako ne da ulu da waya. In ruwa ya shige shi, ya mutu ke nan, sai dai a yi makamashi da shi. Na aika a nemo tamfol, aka ce duk na unguwar suna gona an rufe taki. Iska ta taso, awaki suka fara shigewa gidaje.

Hanya ɗaya ce ta rage, kowa ya gan ta, ba wanda ya yarda ya furta. A fasa bangon.

Bangonki ne. Ke kike masa yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ba ki taɓa barin magini ya taɓa shi ba. Na ƙarshen da kika yi yana nan yadda kika bar shi, da sawun yatsunki layi-layi, har da wurin da ɗan yatsanki da ya karye yake barin gurbi a karkace. Duk wanda zai shiga gidan nan a cikinmu sai ya shafa wurin, ko bai sani ba.

Kuma gidan gado ne, ba a raba ba. Ba mai cire ko hoge ɗaya sai da yardar Yaya Sani. Shi kuwa tun farko ya ce mini ba ya son a ce ana kiɗa a gidan Malam, mahaifinmu. Aka kira shi daga gona, ya zo da laka har gwiwa. Ya dubi fiyano, ya dubi sama, ya daɗe yana duban bangon. Na yi zaton faɗa zai yi, har na shirya abin da zan mayar masa. Bai yi ba. Ya ce, "Rabi, ni ba zan ce a fasa ba, ba kuma zan hana ba. Ke kika kawo shi, ke za ki faɗa da bakinki."

Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Maƙwabta sun taru, 'yan dako sun gaji, ɗigon farko ya faɗo a kan baƙin katakon nan na ji ƙararsa. Na ji tsoro, Inna. Na ji haushin kaina, na ji haushin Yaya da ya bar mini kayan ni kaɗai.

Na ce a fasa.

Ba wanda ya motsa. Yaya ne ya karɓi diga a hannun wani, ya yi bismillah, ya sara. Ban iya kallo ba, na juya baya ina jin ƙasa na zuba. Aka shige da shi ɗakinki ana gudu, wutsiyarsa na wucewa ruwa na kecewa kamar da bakin ƙwarya.

Da ruwa ya ɗauke na fito. Tarkacen bangon duk ya narke ya zama taɓo a tsakar gida. Na durƙusa ina lalube ko zan samu ko da sawun yatsa ɗaya. Ban samu ba.

Jiya aka kwaɓa ƙasar nan taki aka sake tayar da bangon da ita. Yanzu fiyanon ba shi da hanyar fita, ya zama ɗan gida. Yaɓen ni na yi da hannuna, ke kuwa kin san ba ki koya mini ba, kullum sai ki ce in je in yi karatu. Ya fito duk a karkace.

Yaya bai yi mini magana ba har yau da safe. Ina zaune ina laluben waƙar niƙanki, muryar fiyanon duk ta kauce saboda jijjigar hanya, sai na ji mutum a bakin ƙofa, ashe shi ne. Ya tsaya har na kai ƙarshe. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɓantaren ƙasa a naɗe cikin hankici, ya ɗora a kan murfin fiyanon. Sawun yatsunki ne, har da karkataccen. Ashe kafin ya rusa, wurin ya fara sarewa. Ya ce, "Ba haka Inna take kai ƙarshen ba, tana ja kaɗan. Sake."

Na sake, Inna. Ban sani ba ko fiyanon ya iya.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa kanmu a bayanki.

Taki har kullum,
Rabi