Yafiyar da Goggo Take Nema

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Allah tana sauka a makwancinki, na rubuto ne in sanar da ke cewa Goggo Hajjo, ƙanwar Baba, ta kwanta. Ɓarin jikinta ya shanye tun bayan ƙaramar sallah. Kwanan nan kuma ta fara roƙon wai in yafe mata.

Kin tuna ranar da za mu biki Kirikasamma, ruwa ya cinye hanya, sai dai a shiga kwale-kwale? Shekarata goma sha huɗu, na sha lalle, ga sabuwar atamfa. Sa ƙafata ke da wuya jirgin ya ɗan karkata, Goggo ta daka tsawa wai a sauke dorina kafin ta kifar da bayin Allah. Mata suka kwashe da dariya, har da mai fito. Aka bar ni a bakin kogi, ke ma kika sauko kika tsaya tare da ni.

Sunan ya bi ni har makaranta. Na daina cin tuwo, na koma jiƙa tsamiya ina sha a ɓoye, har ran da na yanke jiki na faɗi a gonar shinkafa. Ke kika riƙa ɓare busasshen kifi kina sa min a baki kamar 'yar yaye, kina cewa wanda ya raina halitta, da Mai halitta yake ja.

To yanzu ga 'ya'yan nata, siraran da take taƙama da su, su uku sun taru sun kasa ɗaga ta daga katifa. Ni ake kira. Kullum da safe in sungume ta ni kaɗai, in kai ta banɗaki, in yi mata wanka, in dawo da ita. Kada ki ɗauka tausayi ne, Inna. Daɗi nake ji idan ta ƙanƙame wuyana tana tsoron kada in sake ta. Da gangan nake tafiya a hankali.

Ni da jikina mun shirya tuntuni. Ina cin tuwona in ƙoshi, na daina ɓuya a bayan mutane idan za a ɗauki hoto. Amma shekarun da na yi ina ƙin kaina, wa zai dawo min da su?

Na san da kina nan, haƙuri za ki ba ni, ki ce ba a ja da mai jinya. Wallahi na gwada, Innata. Jiya ta riƙe hannuna, baki a karkace, hawaye na zuba, tana jiran kalma ɗaya. Na gyara mata matashin kai na fito.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki tsayuwar da kika yi min. Ke ki yafe min wannan taurin zuciya. Goggo kuwa, Allah Ya ja kwananta, don ban gama ɗaukar ta ba.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya