Tikitin Ganin Damisa a Watan da Daji Yake Rufe

Zuwa ga Mudir, shugaban ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Hindawiyya, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Haruna. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne aikina, ina zaune a Misfala da iƙamar kamfani, wato takardar izinin zama, shekara goma sha huɗu ke nan. Ba ka san fuskata ba, domin sau biyar ina zuwa ofishinka ana ce mini yanzun nan ka fita. Shi ya sa na rubuta a fili, inda Hausawan Makka za su gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka. Da Hausa na rubuta saboda na san kai ma jininmu ne. In Larabci ya fi zama a bakinka, a samu mai karanta maka, amma don girman Allah a karanta har ƙarshe.

Na ɗaya. A watan Rajab na zo wurinku na sayi tafiya zuwa Indiya, ni da mai ɗakina Sa'adatu, domin mu shiga gandun daji mu ga damisar can, babbar nan mai ratsin baƙi. Na biya duka, kun ba ni rasit, kun karɓi fasfunanmu biyu. Ba maganar kuɗi ce ta kawo ni ba, kada a fassara ni haka.

Na san akwai masu cewa me ya haɗa mai gyaran na'ura da yawon kallon namun daji, har an faɗa mini a gaban idona. To ga abin da ya haɗa mu. Sa'adatu 'yar ma'aikacin gandun daji ce a ƙasar Bauchi, a bakin daji ta tashi. Ta ga giwa, ta ga ɓauna, ta san sawun zaki tun ba ta iya ɗaura zani ba. Wannan damisar kaɗai ce ba ta taɓa gani ba sai a talabijin, kuma tun aurenmu take maganarta, ni ina ce mata wata rana. Yanzu ciwon suga ya taɓa mata ido. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ne ke riƙe da ita. Likita bai yanke mana lokaci ba, amma ya ja ni gefe ya ce duk abin da take son gani a duniya kada in ɗaga mata shi. Na ce in kai ta gidan namun daji na nan kusa, ta ƙi, wai ita dabbar da ke cikin keji tausayi take ba ta. Wanda ya san Sa'adatu ya san in ta ce a'a magana ta ƙare.

Na biyu, kuma nan zan faɗi laifina da bakina, don kada ka ce na ɓoye. Mu masu aikin tantunan Arfa da Mina hutunmu ɗaya ne a shekara: mako uku, daga ƙarshen Zulhajji, bayan mun kwance na'urori mun mayar da su ma'ajiya. Da watan Musulunci muke lissafin komai, aiki da hutu da hayan ɗaki. Wani maƙwabcina tela ya taɓa yin irin wannan tafiyar bayan Hajji, ya dawo da hotuna, ya ce lokacin ya yi daɗi ƙwarai, ga sanyi, ciyawa ta bushe, damisa kwance a kan hanya. Sai na riƙe a raina cewa bayan Hajji shi ne lokacin. Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na tuna shekara takwas ke nan da tafiyarsa ba, kuma Hajji yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Shi bayan Hajjinsa farkon sanyi ne. Ni bayan Hajjina na bana ya ja baya kusan wata uku, ya faɗa cikin daminar Indiya. Ni da nake aiki da zafi da sanyi kullum, nake jin yadda Arfa ke ƙara zafi shekara bayan shekara, ni ne na kasa wannan lissafin. In na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na uku. Amma ranka ya daɗe, ni gyaran na'ura na sani, ku kuma tafiya ce sana'arku. Na ce wa ma'aikacinka mai zama a teburin bakin ƙofa ƙarshen Zulhajji nake so. A gabana ya duba kalandar bango, ya juya ranar zuwa watan Satumba, ya rubuta. Ya ga watan da idonsa. Bai ce mini komai ba sai mabruk, wai yana taya ni murna. Na gaya masa dalilin tafiyar, na gaya masa maganar idon matata, har ya yi mata addu'a. A rasit ɗin an rubuta jirgi, an rubuta masauki, amma wurin takardar izinin shiga daji an sa wai za a tabbatar daga baya. Na tambaya, ya ce haka ake yi wa kowa. In wani ya kawo mini na'ura ya ce in saka masa ita a inda na san ba wutar da za ta ɗauke ta, sai in saka, in karɓi ladana, in yi shiru? Haba, ranka ya daɗe!

Na huɗu. Ba daga ofishinka na ji gaskiya ba. Bayan ƙaramar Salla muna cin abincin rana a wurin aiki, na nuna wa wani abokin aikina Ba'indiye rasit ɗin don ya taya ni murna. Ya duba sunan gandun, ya duba watan, sai ya ajiye cokali. Ya ce wannan dajin rufe shi ake yi da damina, domin hanyoyin ciki suna zama laka, ba a buɗewa sai Oktoba. Ya kira ɗan'uwansa a can a gabana, shi ma ya ce haka ne. Abincin nan ban ƙarasa shi ba. Na lissafa da yatsu: hutuna zai ƙare, mu hau jirgi mu dawo, bayan kamar kwana goma a buɗe ƙofa. Kwana goma kacal.

Washegari na zo ofishinka. Zuwa na farko aka ce za a bincika. Na biyu aka ce wakilinku na Indiya bai amsa waya ba. Na uku aka ce ai akwai gefen daji da ba a rufewa, in kwantar da hankalina. Na koma na tambayi abokin aikin nan nawa, ya ce akwai, amma a wannan lokacin ciyawa ta fi mutum tsawo, mai ido biyu lafiyayyu ma sai ya yi sa'a. Matata kuwa sai abu ya zo kusa, cikin haske, sannan take rarrabe shi. Zuwa na huɗu da na biyar bukra aka ce mini, gobe in sha Allahu. Ni ma na iya cewa bukra, shekara goma sha huɗu nake jinta a garin nan, na kuma san wadda ake nufi da wadda ake korar mutum da ita.

Ka fahimce ni, ban ce ku ɗaure mini damisa a bakin hanya ba. Na sani ko daji a buɗe yake, ana iya shiga sau uku a fito ba a gan ta ba. Wannan na Allah ne, kuma Sa'adatu ta fi ni sanin halin daji. Amma a ce na kai ta har bakin ƙofa mun tarar da kwaɗo, wannan ba zan iya ɗauka ba.

Na biyar, wanda shi ne ya hana ni sukuni. Za ka iya cewa mu bari sai baɗi. Baɗi Hajji zai ƙara ja baya, hutuna ya ƙara nutsewa cikin damina. Haka shekarar da ke biye, haka ta bayanta. Na lissafa har na daina, domin sai an yi shekara shida ko bakwai kafin hutuna ya fita daga watannin rufewa. Ido ɗaya ne ya rage mata. Ka gaya mini, zai kai?

Hanya ɗaya ce a gabana. Na roƙi kafilina, wato mai kamfaninmu, ya matsar mini da hutu zuwa Oktoba, ko da zan tsaya in yi aikin wasu a ma'ajiya. Mutumin kirki ne, bai ƙi ba, amma ya ce lokacin masu Umra sun fara shigowa, otal-otal suna neman mu, ba zai canza jadawali a kan maganar baki ba. Ya ce in kawo takarda daga ofishinku da ke nuna dajin a rufe yake da kuma sabuwar ranar tafiya, kafin ya sa hannu a jadawalin hutu ya kuma fitar mana da takardar fita da dawowa. Da zarar an fitar da ita a kan tsohuwar rana, shi ke nan. Yau muna cikin Zulƙida. Nan da kwana tara za a kwashe mu zuwa Arfa, kuma ka san in mun shiga ba mai fitowa sai alhazai sun sauka. Ko ina so ba zan iya sake zuwa in tsaya a bakin teburinku ba.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka sa a tabbatar, a rubuce, da hatimin ofis, ko dajin zai kasance a rufe a ranakun da kuka ba mu. In a rufe yake, ku matsar da jirgi da masauki zuwa bayan buɗewa, ku nema mana izinin shiga da lambar fasfonmu, in ga takardar da idona, ba wai za a tabbatar ba. In kuwa ba za ku iya ba, ku faɗa mini a cikin makon nan, ku ba ni fasfunanmu in ruga wani wurin tun da sauran kwana. Ba zan yi faɗa ba, ba zan kai ƙara ba. Kuma don Allah duk Bahaushen da ya zo muku da lissafin bayan Hajji ko bayan azumi, ku tsaya ku duba masa wane yanayi ne a ƙasar da za shi, domin ba ni kaɗai ne mai irin wannan kan ba.

Har yanzu ban gaya wa Sa'adatu komai ba. Ta ga ina rama, na ce mata zafin aiki ne. Ban san da wane baki zan ce mata ni ne na yi kuskuren wata ba. Jiya da safe ta zuba mini shayi, rabi ya shiga kofi, rabi ya zube a faranti, ta miƙo mini tana ba ni labarin tafiya, ba ta san ya zube ba. Na karɓa na shanye abin da ya shiga. Watan jiya ba ta yin haka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya albarkaci sana'arka, Ya tsare maka ganinka da na iyalinka har ƙarshen rayuwa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka kana ofis.

Wassalam.

Naka,
Haruna mai gyaran na'ura,
Misfala, Makka.