Kan Baba

Mount Druitt, 6 ga Maris

Zuwa ga Yaya Lesieli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin naki, yaya yara da mutanen tsibirinmu, Vava'u? Allah ya sa kowa lafiya.

Kin tambayi shirin kula da tsofaffin da muka sa Baba a nan ƙasar waje. Gaskiya ba zan ci amanarsu ba, suna ƙoƙari. Likita, magani, motar kai shi cibiyarsu inda tsofaffi ke yini, abinci, mai zuwa gida ta yi masa wanka, duk a hannu ɗaya. Na daina barin aiki ina yawon asibitoci. Sai dai abincin nasu Baba ya ce ko alade a tsibirinmu sai an roƙe shi zai ci, don haka ina ɓoye masa gwaza a jaka.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne mai wankan. Sun duba takardunsu sun ga Heilala tana aiki da su, tana jin yarenmu, ga sunan iyalinsu ɗaya da Baba, sai suka ba ta Baba suna murna. Heilala fa, 'yar Baba Sitiveni ƙaninsa! Na ce wa shugabar, wata Misis Pendergast, 'yar ƙanin mutum 'yarsa ce, kuma a wurinmu 'ya ba ta taɓa kan uba, balle wanka. Ta yi murmushi ta ce al'ada mai kyau, za a kai gaban kwamiti. Kwamitin sau ɗaya yake zama a wata. Na gaji da magana da murmushi, Yaya.

Ki gaishe mini da Gwaggo Mafi.

Ƙanwarki,
Kalolaine

2 ga Afrilu

Yaya Lesieli,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki karanta.

Ashe duk makonnin nan Heilala a bakin ƙofar banɗaki take tsayawa, ta juya baya, Baba yana wanka da kansa. Ranar wata Talata ya zame, ƙeyarsa ta bugi famfo. Ya hana ta faɗa don kada a kore ta, ita kuma kunya ta rufe mata baki. Ya kafa hular cocinsa har a teburin abinci. Ni da nake gida ɗaya da shi na ɗauka sabon gayu ne, har tsokanarsa nake ko wata tsohuwa ya gano a cibiya.

Ma'aikaciyar jinyarsu ce ta ji wari ta cire hular. Ciwon ya riga ya ruɓe. Cikin awa ɗaya likitansu ya gani, magani ya iso gida kafin mu iso. Su suka jawo, su suka ceto, na rasa ko godiya zan yi ko zagi.

Sai kwamitin da ya kasa zama don kukana ya zauna washegari. Suka ce Baba yana ƙin kulawa, gida ya zama haɗari gare shi. Ba su da namiji ma'aikaci sai bayan wata biyu. Ko dai wani a gidan ya riƙa wanke ciwon safe da yamma, ko su kai shi gidan tsofaffi ranar Alhamis. 'Ya'yan Gwaggo, waɗanda al'ada ta yarda su taɓa shi, duk suna can wurinku. Ni kaɗai ce a nan.

Baba ya ce, "Ke Kalo, ki bar su su kai ni mana. Tsoho ai kaya ne, duk inda aka ajiye shi ya zauna." Yana faɗa yana kallon kujerar marigayiya Mama.

Ranar Laraba na ɗauko ruwan ɗumi da auduga. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa sanin gashinsa yana da laushi haka ba. Shi ya runtse ido, hawaye na gangara cikin kunnensa. Da na gama ya ce, "Ki yafe mini, 'yata." Shi yake neman gafarata, Yaya.

Yana gida, ciwon yana warkewa. Tun ranar bai ƙara haɗa ido da ni ba. Jiya Misis Pendergast ta nuna mini abin da suka rubuta a takardarsa: iyali sun ba da haɗin kai, an warware matsala.

Don Allah kada Gwaggo ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Kalolaine