Jawabin Godiya na Cikin Durowa

Litinin, 27 ga Maris

Shi ke nan, Honduras ta raba gari da Taiwan. Rediyo sai maimaitawa yake: yanzu ƙasar Sin ce aminiyarmu. Kafin yara su yi layin safe, shugaban makarantarmu Don Fulgencio ya sa an kwance allon da ke jikin tankin ruwa, mai rubutun "Kyauta daga al'ummar Taiwan". Tankin kam bai ce a kwance ba.

Ni Dilcia ce a raina. Ɗalibata da ta gama bara, wadda ta ci gurbin karatun kiwon kifi a Taiwan. Watan Agusta za ta tafi. Ni na cika mata takardun, har sau uku, don kada a sami kuskure ko ɗaya.

Laraba, 29 ga Maris

An soke gurbin. Saƙon layi biyu ne.

Na same ta a masana'antar da take ɓare jatan lande. Ta fito da takalmin roba, yatsunta duk sun yi yaushi don ruwan ƙanƙara. Ta kira ni yadda suke kiran malamai, ta ce, "Profe, don Allah kada ki yi kuka a nan, sai su ɗauka mutuwa aka yi mana." Ta gutsuro mini rabin baleadarta, wainar fulawa mai wake a ciki. Na ci.

Talata, 11 ga Afrilu

Zafi kamar a tanda. Na koyar da tarihin kamfanonin ayaba, yadda suka riƙa naɗa mana shugabanni suna saukewa. Wata a baya ta ɗaga hannu: "Profe, to bana tutar wa za mu yanka da takarda?" Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Don Fulgencio ya kira ni ofis, fuskarsa sai ƙyalli. Wai tawagar sababbin aminai za ta zo wata mai zuwa da kwamfutocin hannu arba'in, kuma suna da guraben karatu. Ya ce, "Profe Nohemí, na daɗe a harkar nan. Baƙo ba ya tuna kowa sai yaron da ya karanta masa jawabi. A kira Dilcia." Na ce to, zan zauna in rubuta. Ya yi dariya. "Rubuta me? Doña Chila, kawo jawabin."

Doña Chila, sakatariyarmu tun kafin a haife ni, ta jawo durowar ƙasa ta fito da wata takarda da ta yi rawaya, bugun tafireta. Na gane ta daga layin farko. Ita ce Dilcia ta karanta wa mutanen Taiwan ranar buɗe tanki, tana 'yar aji ɗaya, ni ina gefe ina share hawaye. A zatona dominsu aka rubuta.

"Ya 'yar'uwarmu ta har abada, ƙasar…" Wurin sunan an shafe shi da farin ruwan goge rubutu, an sake shafewa, har ya yi tudu kamar ɓawon miki. Doña Chila ta riƙa lissafa mini da farce: "Amurkawa, lokacin madarar gari. Japanawa, da suka yi mana rufi bayan guguwa. Likitocin Kuba. Sai waɗannan da suka tafi. Kowa ya ji daɗinsa, 'yata, babu wanda ya taɓa kawo ƙara."

Ni suke so in shafe sunan in rubuta sabo: tafireta ta mutu, rubutuna ya fi na kowa kyau, kuma Dilcia ba za ta hau dandamali ba sai na ce ta hau. Na ce a'a. Na ce ban koya wa yaran nan karatu don su zama masu roƙo da bakin aro ba. Don Fulgencio ya ce, "To ki aika ta Taiwan da aljihunki mana."

Na fita na bar musu takardarsu.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Bayan coci mahaifiyar Dilcia ta gaishe ni daga nesa. Da can rungume ni take yi.

Asabar, 6 ga Mayu

Dilcia ta zo da kanta, ina wanki. Doña Chila ta riga ta fesa mata komai. Na fara yi mata bayanin mutunci, da cewa ƙasa ba riga ba ce da za a canza a rana ɗaya. Ta bar ni na gama tas, kamar yadda na koya mata.

Sannan ta ce, "Profe, ke digirinki yana rataye a bango." Ta ce jatan landen tafkin babanta bana ma sun yi farin tabo sun mutu, kuma ba su tambayi tutar kowa ba kafin su mutu. "Ni so nake in san abin da ke kashe su. Ko shaiɗan ne zai koya mini, zan ce masa na gode."

Na tsawatar mata kan shaiɗan. Abin da na iya ke nan.

Litinin, 8 ga Mayu

Na karɓo jawabin, na shafe Taiwan, na rubuta Sin. Farin ya yi kauri, bakin alƙalami sai nutsewa yake.

Litinin, 22 ga Mayu

Awa biyu yara suna tsaye a rana da jajayen tutocin takarda. Biyu sun suma. Magajin gari ya yi ta magana kamar shi ya ƙera kwamfutocin da hannunsa. Baƙin su ma gumi ya jiƙa musu kwat, abin tausayi.

Dilcia ta karanta. Ta tsaya a inda na ce ta tsaya, ta ɗago kai a "har abada". Wata matashiya mai yi musu tafinta ta ja ta gefe, ta yi ta tambayarta kan jatan lande, ta rubuta sunanta. Daga ganinta da gaske take, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Na yi tafi. Na dubi hannuwana suna yi.

Kwamfutocin suna kulle a ofis, tunda ba mu da intanet.

Juma'a, 25 ga Agusta

Dilcia ta sami gurbin Sin, ta tafi. Motar ƙarfe shida zuwa babban birni, gobe jirgi. Mahaifiyarta ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ta taga Dilcia ta ce, "Profe, in sun sake canza aminai kafin in gama, ki ajiye mini takardar!" Ban ga abin dariya ba, amma na yi.

Na biya ta ofis. Kwalbar farin ruwan Doña Chila ta bushe ƙamas, sai na sayo sabuwa a shagon kan kwana na sa a durowar, kusa da jawabin. Don dai kada a nema a rasa.

Akwai wata Yolibeth a aji biyu, tana son zama likitan ido. Muryarta na kaiwa har bakin ƙofar makaranta. Na ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi, mu ɗan gyara karatunta a bayyane. Ba wai ina shirin komai ba ne.